Sanƙarau Mai Zuwa a Ɓoye: Darasin Lafiya Domin Iyali

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zama a arewacin ƙasarmu ya san sanƙarau. Mun san lokacinsa, wato sa'ad da hunturu ya ja jiki, bazara ta kama, ƙura da zafi suka haɗu. Manya a cikinmu ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kuma kashe fiye da 11,000. Wannan sanƙarau da gaggawa yake zuwa. Yaro ya kwanta lafiya lau, kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sanƙare, kowa kuma ya gane cewa asibiti za a nufa.

Amma akwai wani irin sanƙarau da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Ba shi da lokaci, ba ya jiran bazara, ba ya bin unguwa gida gida. Sannu a hankali yake shigowa, ya ɗauki makonni yana cin mutum, iyali kuwa suna tsammani zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Shi ne sanƙarau wanda ƙwayoyin funfuna suke kawowa. Manufar wannan darasi ita ce mu san shi, mu san waɗanda ya fi kamawa, mu kuma san abin da ya wajaba iyali su yi tun da sauran lokaci. Gama a wannan ciwo, mutanen gida ne suke fara ganin alama, tun kafin likita ya gani.

Bari mu ɗauki misali

Ga wani magidanci, shekarunsa kamar arba'in. Ya daɗe yana ramewa, amma yana fita aiki. Sai ciwon kai ya kama shi. Ya sayi maganin zazzaɓi a kemis ya sha, kan bai daina ba. Mako na biyu aka yi masa allurai a gida, aka ce taifot ne. Mako na uku ya fara amai da safe, ba ya son haske, yana cewa yana ganin abu ɗaya ya zama biyu. A mako na huɗu ya fara magana ba kan gado, ya manta sunan 'yarsa, ya yi wa matarsa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A nan ne dangi suka rabu biyu. Waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu suka ce taɓin hankali ne. Ba wanda ya ambaci sanƙarau, domin wuyansa bai sanƙare ba. Ranar da aka kai shi asibiti, a sume aka kai shi.

Irin wannan labari ya faru a gidaje da yawa a nahiyarmu. Mu riƙe shi a zuciya yayin da muke bin sauran darasin.

Mene ne sanƙarau?

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya suna lulluɓe da tantani hawa uku. Na waje yana da kauri da ƙarfi kamar fata. Na tsakiya ya yi kama da saƙar gizo-gizo. Na ciki kuwa siriri ne mai laushi, yana manne da ƙwaƙwalwar kanta. Tsakanin na biyu da na uku akwai wani ruwa garai-garai da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka, yana kāre su daga buguwa. Jikin babban mutum yakan yi wajen rabin lita na wannan ruwa kowace rana, yana kuma janye shi ya koma cikin jini, ta yadda abin da ke wurin a kowane lokaci bai wuce kimanin mililita 150 ba.

Idan ƙwayar cuta ta shiga wannan tantani da ruwan, wurin ya kumbura, shi ne ake kira sanƙarau. Ƙwayoyin da ke kawo shi iri-iri ne. Na annobar bazara ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, kuma shi ne ake yi wa allurar rigakafi. An fara babban rigakafin irin da ya fi addabarmu a Nijeriya a shekarar 2011, sa'an nan a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kāre mutum daga iri biyar na wannan bakteriya. Akwai kuma wanda ƙwayar bairos ke kawowa, wanda sau da yawa ya fi sauƙi. Na ukun shi ne batunmu, wato na funfuna. Allurar rigakafin sanƙarau ba ta hana shi, magungunan kashe bakteriya kuma ba sa taɓa shi.

Wace irin funfuna ce?

Kowace uwargida ta san funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da ya daɗe. Danginta suna da yawa: yis da ake sa wa fulawa, naman kaza da ke tsirowa da damina, da ƙwayoyin da ke kawo makero da kyasbi a fata. Mafi yawansu ba sa cutar da mutum, waɗansu ma suna da amfani. Kaɗan ne daga cikinsu suke iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa.

Wadda ta fi kowace kawo sanƙarau a duniya ana kiranta Kiriftokokus. An gano ta a shekarar 1894. A wannan shekara wani masani a ƙasar Italiya, Francesco Sanfelice, ya same ta a ruwan 'ya'yan itace, likitoci biyu kuma a Jamus, Otto Busse da Abraham Buschke, suka same ta a ƙashin ƙafar wata mara lafiya. A shekarun 1950 wani masani Ba'amurke, Chester Emmons, ya nuna cewa tana yawaita a ƙasar da kashin tattabaru ya taru. Ana kuma samunta a kogon itatuwa da ruɓaɓɓen itace.

Idan kashin tsuntsaye ya bushe ya zama ƙura, mutum yakan shaƙi ƙwayar ta shiga huhunsa. Kada wannan ya tsorata mu. Mutane da yawa sun shaƙe ta tun suna yara, ba abin da ya same su, domin garkuwar jiki takan kashe ta ko ta tsare ta wuri ɗaya. Tana iya kwanciya shiru a jiki shekara da shekaru. Sai ranar da garkuwar ta yi rauni ƙwarai, sa'an nan ta farka, ta bi jini, ta kai ƙwaƙwalwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ƙwaya tana da wata riga mai kauri mai yauƙi da ke kewaye da ita. Rigar tana ɓoye ta daga sojojin jiki. Idan kuma ƙwayoyin suka yi yawa, sukan toshe hanyoyin da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya koma cikin jini. Jiki yana ta yin sabon ruwa, tsohon bai fita ba, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Matsin da ke taruwa shi ne ke kawo matsanancin ciwon kai da amai, shi ne kuma ke iya makantar da mutum ko ya kurmantar da shi.

Su wa ya fi kamawa?

Ga mai cikakkiyar lafiya wannan ciwo ba kasafai yake faruwa ba. Waɗanda ke cikin haɗari su ne:

1. Masu ɗauke da ƙwayar HIV waɗanda garkuwarsu ta faɗi ƙasa sosai, ko don ba su san suna da ita ba, ko don sun daina shan magani.
2. Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa, suna shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwa.
3. Masu ciwon daji, musamman na jini, da waɗanda ake yi wa maganinsa.
4. Masu shan magungunan sitiroid na dogon lokaci. A nan sai mu yi hattara, gama akwai masu sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kasuwa don su yi ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi, ba tare da likita ya rubuta musu ba.
5. Masu ciwon hanta mai tsanani.

Rukuni na farko ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba. A cikin jinin mutum akwai waɗansu sojoji da likitoci ke kira CD4. Mai lafiya yakan sami daga 500 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake amfani da shi. Ƙwayar HIV tana cin waɗannan sojoji. In suka sauka ƙasa da 200 an shiga haɗari, in suka sauka ƙasa da 100 kuwa, a nan ne wannan sanƙarau ya fi bugowa.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kimanin 152,000 masu HIV suka kamu da wannan sanƙarau a duniya, kimanin 112,000 kuma suka mutu ta dalilin wannan ƙwaya. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda ciwon ƙanjamau ya kashe a shekarar. Fiye da rabinsu a Afirka suke, kudu da hamadar Sahara. Saboda haka a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya a sahun gaba cikin jerin funfunan da suka fi haɗari ga ɗan adam. A ƙasarmu, babban binciken da aka yi a 2018 ya nuna cewa mutum kimanin miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV. Ashe batun bai yi nisa da ƙofar gidanmu ba.

Alamun da za a lura da su

Babbar alama ita ce ciwon kai wanda ya ƙi tafiya, yana ƙaruwa kwana bayan kwana, har mako ɗaya ko biyu ko fiye. Tare da shi akan ga zazzaɓi mara zafi sosai, kasala, tashin zuciya da amai, ƙin haske, gani biyu-biyu ko dishi-dishi, da raguwar ji. Daga baya sai rikicewar tunani, yawan barci, sākewar hali, farfaɗiya, da suma.

Abu biyu ne suke ruɗin iyali. Na farko, sau da yawa wuya ba ya sanƙarewa, musamman ga mai HIV. Wanda ya tsaya jiran wuya ya sanƙare zai makara. Na biyu, sākewar hali takan sa a ɗauka aikin aljanu ne ko sammu, sai a yi ta yawo da mara lafiya daga wannan gidan addu'a zuwa wancan mai magani, makonni suna wucewa. 'Yan'uwa, mutumin da ƙwaƙwalwarsa ke cikin matsi zai yi maganar da ba ta da kai, ba da sonsa ba. Mu yi masa addu'a, amma mu yi ta a hanyar asibiti da bakin gadonsa. Idan ba a yi maganin wannan ciwo ba, ƙarshensa mutuwa ne.

Gwaji, da tsoron allurar ƙashin baya

Akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke kira CrAg. Da ɗigon jini ake yinsa a kan ɗan tsinke, kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro, sakamako kuma yakan fito cikin minti goma. Amfaninsa babba ne, domin alamar ƙwayar takan bayyana a jini makonni kafin ciwon kai ya fara. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a yi wa duk mai HIV wanda CD4 ɗinsa bai kai 100 ba wannan gwaji, a kuma duba yiwuwar yi wa wanda nasa bai kai 200 ba. In an ga alamar tun ba ta kai ƙwaƙwalwa ba, ƙwayoyin sha kaɗai suna iya tare ta.

In kuwa ana zaton ta riga ta kai, dole a ɗebi ruwa daga ƙashin baya a duba. A nan ne iyalai da yawa suke ja da baya. Za ka ji ana cewa, "An ɗebi ruwan bayan wane, kwana biyu ya mutu," ko kuwa, "Allurar tana shanye ƙafafu." Ya kamata mu fahimci gaskiyar al'amarin. Likita yakan sa allurar a ƙasan baya, wajen ƙugu, a inda lakar ta riga ta ƙare. Waɗanda suka mutu bayan an yi musu, yawancinsu an kawo su ne ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Ciwon ne ya kashe su.

Ga mai wannan sanƙarau ma, ɗebe ruwan magani ne a kan kansa. Mun ga yadda ruwa ke taruwa ya matse ƙwaƙwalwa. Idan aka rage shi, sau da yawa ciwon kan yakan sauka nan take, gani da ji su tsira. Wani lokaci sai an maimaita kwana da kwanaki. Idan likita ya nemi izini, kada maigida ko uwargida su ce sai an jira kawu ya zo daga ƙauye. Kwana ɗaya yana da tsada a wannan hali.

Magani

Kafin shekarun 1950 kusan duk wanda ya kamu da wannan ciwo mutuwa yake yi. A 1955 aka samo maganin da ake kira amfoterisin B, daga wata ƙwayar halitta da aka samu a ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana da ƙarfi, amma yana wahalar da ƙoda, yana kuma rage jini, don haka sai a asibiti ake ba da shi ta jijiya, ana auna jinin mara lafiya a kai a kai.

An yi wani babban gwaji a ƙasashen Afirka biyar, wato Botsuwana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe, da marasa lafiya fiye da 800, aka buga sakamakonsa a 2022. An gano cewa ƙarin ruwa sau ɗaya tak na sabon samfurin wannan magani, tare da ƙwayoyin sha iri biyu, fulusaitosin da fulukonazol, na kwana 14, yana aiki daidai da tsohuwar hanya, kuma bai kai ta wahalar da jiki ba. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan hanya. Amma mu lura da wani abu. Ko a cikin wannan gwaji, inda aka ba da kulawa mai kyau, kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ya mutu cikin mako goma. Wannan ya nuna mana cewa tare ciwon tun bai kai ƙwaƙwalwa ba ya fi kowane magani.

Bayan mako biyun farko, mara lafiya zai ci gaba da shan fulukonazol mai yawa har mako takwas, sa'an nan a rage masa ya ci gaba har aƙalla shekara guda, sai garkuwarsa ta farfaɗo. Wanda ya daina a hanya don ya ji sauƙi, ciwon yakan dawo. Haka kuma likita yakan jinkirta fara maganin HIV har mako huɗu zuwa shida bayan an fara na sanƙarau, domin in garkuwa ta farka da sauri alhali ƙwayoyin suna da yawa, kumburin yakan ƙaru. Kada iyali su ɗauka sakaci ne. Kada kuma wani ya sayi fulukonazol a kemis ya ce zai yi jinya a gida. Shi kaɗai bai isa ba idan ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, mai juna biyu kuma yana iya cutar da abin da ke cikinta.

Sa'ad da ciwon ya zo ta hanyar allura

Akwai wata hanya dabam da funfuna ke kaiwa ga tantanin ƙwaƙwalwa, ko da garkuwar mutum lafiya take. A shekarar 2012 a Amurka, wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Masachusets ya rarraba allurar sitiroid da funfuna ta gurɓata. An yi wa dubban mutane ita a baya saboda ciwon baya. Mutum 753 suka kamu da ciwo a jihohi 20, aka tabbatar da mutuwar 64 a lokacin. A 2023 kuma, a garin Matamoros na ƙasar Meziko, marasa lafiya da aka yi wa allurar kashe zafi ta baya a asibitoci biyu masu zaman kansu suka kamu da irin wannan sanƙarau, mutum 12 daga cikin waɗanda suka je daga Amurka suka mutu.

Darasin a fili yake. Allurar da za ta shiga baya ko jijiya ba abin wasa ba ce. A karɓe ta a hannun ƙwararru, a asibitin da hukuma ta sani. Wannan ba dalili ba ne na ƙin allurar baya da ake yi wa mata lokacin fiɗar haihuwa, gama ana yin ta lafiya kowace rana. Abin gudu shi ne magani mara asali da hannun da bai ƙware ba.

Abin da iyali da jama'a za su yi

Na ɗaya, kowa ya san matsayinsa game da HIV. Miji da mata su je gwaji tare. Tun shekarar 2006 gwamnatin tarayya ta mai da magungunan rage ƙarfin wannan ƙwaya kyauta. Wanda ya fara sha da wuri, ya kuma dage, da wuya wannan sanƙarau ya same shi.

Na biyu, kada kowa ya sa mai shan magani ya daina, ko da sunan an yi masa addu'a ya warke. Idan gwaji ya nuna ba a ganin ƙwayar a jini, maganin ne yake danne ta. Ranar da aka ajiye shi za ta sake tashi. Wanda ya riga ya daina, ya koma asibiti ba tare da kunya ba, ya roƙa a auna CD4 ɗinsa, in ya yi ƙasa a yi masa gwajin CrAg.

Na uku, mu daina tsangwama. Tsoron bakin mutane ne yake sa da yawa su ɓoye ciwonsu har garkuwarsu ta ƙare. Wannan sanƙarau kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya ci tare da mara lafiya, a yi masa wanka, a kwana ɗaki ɗaya da shi. Jinyar tana da tsawo da tsada, don haka zumuntar mata da ta maza da matasa suna da aiki a nan: abinci, kuɗin mota, zaman jinya, da tuna wa mara lafiya lokacin shan magani.

Na huɗu, ba a ce a kori tattabarun gida ba. Amma mai raunin garkuwa kada ya share ɗakinsu, ko akurkin kaji, ko silin ɗin gida da na majami'a inda kashin tsuntsaye da jemagu ya taru. Wanda zai share ya yayyafa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, ya kuma rufe hanci da baki.

Kammalawa

Mu koma ga magidancin da muka fara da shi. An sami dama har sau huɗu a cece shi. Da ya yi gwajin HIV lokacin da ya fara ramewa, da ciwon bai zo ba. Da an yi masa gwajin ɗigon jini, da an tare shi da ƙwayoyin sha. Da an kai shi asibiti a mako na biyu na ciwon kai, da an same shi da sauran ƙarfi. Da dangi ba su tsaya gardamar sammu ba, da bai kai ga suma ba. Dukan waɗannan a hannun iyali suke. Saboda haka, duk ciwon kan da ya wuce mako guda yana ƙaruwa, musamman ga wanda ya rame ko aka san garkuwarsa ba ta da ƙarfi, a kai shi babban asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiya duka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Ta waɗanne hanyoyi sanƙarau na funfuna ya bambanta da na bazara?
2. Me ya sa iyalai suke tsoron a ɗebi ruwan ƙashin baya, me za mu gaya musu?
3. Idan ɗan'uwa ya fara magana ba kan gado bayan doguwar rashin lafiya, mene ne matakin farko?
4. Waɗanne maganganu ko halaye namu ne suke sa mai HIV ya ɓoye kansa?
5. Wa muka sani yana doguwar jinya a unguwarmu, da me kuma za mu taimake shi a wannan mako?